Jar Alama a Kan Gida: Daga Oregon Zuwa Ruwan Bore

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta kankama, babu abin da ya kai dajin Zamfara saurin kama wuta. Gamba ta bushe ta yi fari, karan dawa na tsaye a gonaki, dammunan gero na jiran a kai su rumbu, harawar wake na ɗaure a rassan itatuwa. A irin wannan lokaci maharbi ɗaya da ya cinna wuta don ya koro gafiya daga rami ya isa ya cinye wahalar damina ta unguwa guda. Mutanen Ruwan Bore, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gusau, sun san haka tun kafin a ƙirƙiri jihar a 1996, kamar yadda maƙwabtansu na Tsafe da Bunguɗu suka sani. Sun kuma san gidan da ya fi zama cikin haɗari: na bakin gari, wanda dannin kara ya haɗa shi da daji, wanda rumbunsa mai jinka ke fuskantar arewa maso gabas, inda iska ke fitowa. Ba a rubuta wannan sani a ko'ina ba, kuma bai taɓa karya darajar gidan kowa ba, domin tare da maganinsa yake tafe. A share gefen gari, a janye kara daga jikin katanga, in wuta ta tashi a yi kururuwa kowa ya fito da ɗanyen reshe.

Akwai wani sani na biyu, shi ma ba a takarda yake ba, amma shi yana karya darajar gida da gona. Shi ne hukuncin da ake yanke wa gari daga nesa, a ce can ba ya shiguwa. Wutar da ake nufi a nan ta 'yan bindiga ce, waɗanda su ma sukan cinna wa rumbu wuta idan gari ya kasa biyan harajin da suka ɗora masa. Haɗarin na gaske ne, babu mai hankalin da zai musanta shi. Abin tambaya shi ne wa ke auna shi, da wane mudu, kuma ina wanda aka tauye wa awo zai kai kuka. Don a ga girman tambayar, yana da kyau a leƙa wani wuri mai nisa inda aka rubuta irin wannan hukunci a fili, aka shafe shekara uku ana rigima a kansa, daga ƙarshe aka soke shi.

A watan Satumban 2020 gobarar daji ta ci fiye da eka miliyan ɗaya a jihar Oregon da ke arewa maso yammacin Amurka, ta ƙone gidaje sama da 4,000. Da shekara ta zagayo, majalisar dokokin jihar ta umarci hukumar gandun daji, tare da masana daga Jami'ar Jihar Oregon, su zana taswirar haɗarin gobara da za ta shafi kowane fili a jihar. Niyyar mai kyau ce. Ana son a san inda za a kai kuɗin rigakafi, a kuma san gidajen da za a wajabta wa share ciyayi daga jikinsu da yin gini da kayan da ba sa saurin kama wuta. A ƙarshen Yunin 2022 taswirar ta fito. An kasa filaye kusan miliyan 1.8 aji biyar, daga marar haɗari zuwa mai tsananin haɗari, aka kuma aika wa masu filaye kimanin 80,000 wasiƙa cewa nasu ya faɗa cikin aji biyu na sama.

Tun wasiƙun ba su gama isa ba ƙura ta tashi. Manomi mai gonar ban-ruwa, wadda ke kore shar har cikin rani, ya ga an shafa masa jan fenti. Maƙwabta biyu da shinge ɗaya ya raba suka tarar kowa da ajinsa. Wanda ya kashe dukiya ya sare itatuwan da ke kusa da ɗakinsa ya ga ajinsa ɗaya da wanda ya bar gidansa cikin surƙuƙi. An shirya taron jin ra'ayin jama'a a garin Grants Pass, aka fasa saboda barazanar da aka yi wa jami'ai. Cikin mako biyar hukuma ta janye taswirar. Ta koma ta yi gyara, ta rage azuzuwan zuwa uku, ta yi la'akari da ban-ruwa, ta sake fito da ita a Janairun 2025. Wannan ma ba ta ga ƙarshen shekara ba. A tsakiyar 2025 majalisa ta soke ta ɗungurungum, da ƙuri'un jam'iyyun ƙasar biyu da ba kasafai suke haɗuwa a kan magana ɗaya ba.

Kukan mutumin da ya sare itatuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne masana da masu gidaje suka yi ta magana ba sa jin juna. Abin da taswirar ta auna shi ne halin ƙasa: gangararta, irin tsirranta, yanayin iska da zafi, da sau nawa wuta kan iya ratsa wurin. Ba ta auna halin gida ba. A wurin masani wannan daidai ne, tunda sharar tsakar gida ba ta canja inda iska ke kaɗawa. A wurin mai gida kuwa, an hukunta shi a kan abin da ba shi da iko da shi, an kuma yi watsi da abin da ya yi da guminsa. Kowannensu na da gaskiya. Inda hukuma ta yi tuntuɓe shi ne ta bar takarda ɗaya ta amsa tambayoyi biyu, wato ko wurin nan na da haɗari, da ko gidan nan zai ƙone, sannan ta aika amsar ta gidan waya kafin ta zauna da mutane, kafin kuma kuɗin taimakon gyara gidaje ya isa hannun kowa.

Babban abin da ya tunzura jama'a shi ne inshora. A Amurka wanda ya ci bashin banki ya sayi gida dole ne ya yi wa gidan inshora. In babu ita babu bashi, in babu bashi masu saye sun ragu, farashi kuma ya faɗi. A daidai lokacin da wasiƙun ke isa, wasu masu gidaje suka ga kuɗin inshorarsu ya haura, wasu kuma kamfani ya ƙi sabunta musu. Nan take suka ɗora wa taswira laifi. Kamfanonin suka ce ba su taɓa aiki da ita ba, hukumar da ke sa musu ido ta bincika ta gaskata su, a 2023 ma aka yi dokar da ta haramta musu amfani da ita. Akwai dalilin yarda da maganarsu, domin ba sa bukatarta. Kowane babban kamfani na da nasa lissafin, na hotunan tauraron ɗan adam da kwamfuta, wanda ya fi na gwamnati bin gida-gida, wanda kuma mai gida ba ya gani. A maƙwabciyar jihar, Kalifoniya, kamfanin State Farm ya daina karɓar sababbin masu inshorar gida a Mayun 2023, bisa lissafin kansa. Ke nan abin da mutanen Oregon suka yi nasarar yagewa shi ne taswira ɗaya tilo da suke iya gani har su ɗaukaka ƙara a kanta. Waɗanda ke yanke musu farashi suna nan daram a aljihun kamfanoni.

Taswira kan yi kuskure ta fuska biyu. A gobarar da ta afka wa yankin Los Angeles a Janairun 2025, wutar da ta shiga garin Altadena ta ci gine-gine fiye da 9,000, kuma mafi yawansu ba sa cikin yankin da taswirar gwamnati ta kira mai tsananin haɗari. Wanda aka bari ba alama yakan ɗauka an wanke shi. Wanda aka sa wa alama kuma, alamar kan zama sanadin abin da ta yi hasashe. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayyar Amurka ta zana taswirorin birane fiye da 200, ta shafa ja a kan unguwannin da ta ce haɗari ne a ba su bashi, akasarinsu na baƙaƙen fata da baƙin haure. Bankuna suka ɗauke ƙafa, gidaje suka lalace, lalacewar ta zama hujjar cewa dama an faɗa. Har yau masana tarihi na jayayya kan ko taswirorin ne suka haifi wariyar ko kuwa sun rubuta wadda aka daɗe ana yi ne. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne saboda an rubuta su ne jikokin mazauna unguwannin suka sami abin nunawa.

Mai gida a Ruwan Bore ba shi da inshora, kuma ba shi kaɗai ba ne, tunda duk kasuwar inshorar Najeriya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar ba. Gidansa na ƙasa ne, gonarsa ta gado ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta bar filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, kuma ba kowane banki ke karɓar gonar da ba ta da takardar gwamna a matsayin jingina ba. Sai a zaci rigimar Oregon ba ta shafe shi ba. Amma jar alama tana isa gare shi ta wasu ƙofofi. Direban da ke ɗauko kaya daga Gusau ya ninka kuɗin mota ko ya ce ba ya zuwa. Dillalin hatsi ya karya farashin buhu, don ya san manomi ba shi da wani mai saye. Mai taki ya daina ba da bashi zuwa kaka. Malamin firamare da ma'aikaciyar asibiti su shiga neman canjin wurin aiki, kuma ba a ga laifinsu ba. Jami'in shirin tallafin noma ya tsallake sunan garin a jerinsa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Har a maganar aure ana tambayar ina za a kai amarya.

Duk wannan babu wanda ya aiko da wasiƙa. Babu ofishin da ya sa hannu, babu ranar da aka sa alamar, saboda haka babu ranar da za a cire ta. Gari na iya yin wata shida ba a ji ƙarar bindiga ba, mutane su koma gona, kasuwa ta fara ci, amma a bakin 'yan tasha da ma'aikatan sakateriya yana nan a yadda aka ji shi bara. Wani garin kuma na iya shiga uku a cikin mako biyu, alhali a Gusau ana lissafa shi cikin masu lafiya, don labarinsa bai kai gidan rediyo ba.

Gwargwadon nisan mai zane, gwargwadon kaurin alƙalaminsa. Daga Landan, ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya na gargaɗin 'yan ƙasarta kada su taka Zamfara ko da wane dalili, Amurka ma ta sa jihar cikin wuraren da ta ce kada a je. A can jiha guda mai ƙananan hukumomi 14 launi ɗaya ce. Daga Abuja ana ware Gusau a haɗa saura. Daga Gusau ana ware bakin kwalta, a ce hanyar Tsafe zuwa Funtuwa a bi ta da rana. Mutumin Ruwan Bore kuwa ya san haɗari hanya-hanya, fadama-fadama, har da sa'ar da ake wucewa da wadda ba a wucewa. Shi ne ya fi kowa sani, don shi ne ke biyan kuskure da ransa, amma saninsa ba ya hawa sama. Abin da ke saukowa kansa shi ne hukuncin wanda bai taɓa ganin garin ba.

Sau ɗaya aka rubuta wannan taswira ɓaro-ɓaro, a 2021. A ƙarshen Agustan shekarar gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta hana sayar da fetur a jarka. A farkon Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin jihar, da farko aka ce na mako biyu. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da labari, kuma a makonnin farko jama'a da yawa sun yi na'am, don sun gaji. Amma alƙalamin mai kauri ne ƙwarai. Ɗan kasuwar Gusau, da ɗalibi, da mai jiran kuɗi daga ɗansa da ke Legas, duk sun shiga aji ɗaya da mai garkuwa da mutane. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su buga waya, har ita ma Funtuwar ta shiga cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse a jihar Katsina. Ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da hanyar kiran agaji. Manomin da bunsurunsa ne bankinsa ya rasa kasuwar da zai kai shi. An maido da layi a Gusau bayan kusan wata guda, sauran yankuna sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Duk da muninsa, wannan mataki na da abin da hukuncin tasha ba shi da shi. Yana da mai shi, yana da ranar farawa, an san ƙofar da za a je a yi kuka, kuma da kukan ya yi yawa an janye shi. Haka ma haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa wa jihar a Afrilun 2019: ya daɗe fiye da kima, amma tunda a rubuce yake, an sami ranar da aka ɗage shi, a Disamban 2024.

Wanda ke son ganin yadda dare ɗaya ke canja darajar gini ya dubi Sabon Gida, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Jami'ar Tarayya ta Gusau. A Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga ɗakunan haya na ɗalibai a can suka kwashe da dama, akasarinsu mata. Babu uban da za a zarga don ya ce 'yarsa ba za ta sake kwana a unguwar ba. Amma mutumin da ya zuba kuɗin sallamarsa daga aiki ya gina ɗakunan haya a gefen jami'a, yana lissafin abin da zai ci a tsufansa, shi ma bai yi laifin komai ba. Matsayinsa ɗaya da mai gonar ban-ruwa na Oregon, sai dai shi ba shi da takardar da zai ɗaga a gaban kowa, kuma ko an girke jami'an tsaro a ƙofarsa babu wanda zai sanar cewa ajinsa ya canja.

Akwai wani ɓangaren da ya fi ciwo. A ka'ida, jar alama tana zuwa da riba da asara. Asararta ita ce masu jari su guje ka, ribarta ita ce masu agaji su nufo ka. Zamfara ta kwashi asarar, ribar ta wuce ta. Shekara da shekaru babban shirin agajin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke tsarawa don Najeriya ya taƙaita ne ga Borno, Adamawa da Yobe. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ke aiki a Zamfara tun bala'in gubar dalma na 2010, ta sha yin kira cewa an bar arewa maso yamma a baya alhali asibitocinta cike suke da yara masu tamowa. Wato jihar ta yi jan da zai hana baƙo zuwa, amma ba ta yi jan da zai sa a buɗe mata asusu ba. Kuma ba wai Najeriya ba ta iya zana irin wannan taswira a fili ba ne. Sau biyu a shekara ana fitar da rahoton Cadre Harmonisé, mai kasa yankuna mataki biyar na ƙarancin abinci, kowane mataki da launinsa. Duk shekara hukumar NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Babu gwamnan da ke jin daɗin ganin sunan jiharsa a ciki, amma ana bugawa, ana jayayya, ana sabuntawa.

Ita ma wutar hunturu ba za ta daɗe ba a auna ta daga sama ba. Taurarin ɗan adam na hango duk wutar da ta tashi a doron ƙasa, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na faɗin ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake. Hoton Afirka ta Yamma a watan Disamba ja wur ne. Sai dai na'ura ba ta bambanta wutar manomi mai sharar gona da ta makiyayi mai neman sabon toho, ba ta bambanta ƙunar farkon rani, wadda ma'aikatan gandun daji da kansu ke yi don rage ƙarfin ta ƙarshen rani, da wutar da aka cinna wa rumbu da gangan. An riga an fara gwada inshorar noma mai dogara da hotunan sama da ma'aunin ruwa a Najeriya. Ranar da kamfani zai yanke wa manomin Bunguɗu farashi bisa irin wannan hoto, zai tarar da kansa a inda mai gidan Oregon yake, a gaban lissafin da ba a nuna masa ba.

Saboda haka darasin Oregon bai zama a guji zana taswira ba. Taswirar tana nan ko an zana ko ba a zana ba, kuma wadda ba a zana ba ta fi zalunci. Abin da ya kamata gwamnatin Zamfara ta yi shi ne ta fito da tata fili, a matakin mazaɓa, domin mazaɓu 147 sun fi ƙananan hukumomi 14 kusa da gaskiya, ko da yake ita ma mazaɓar tana da faɗi. A sa mata kwanan wata, a sabunta ta duk bayan wata uku, a faɗi abin da aka ƙirga: hare-hare nawa, makarantu nawa ke rufe, hanyoyi nawa ba sa biyuwa, gonaki nawa aka bari ba a noma ba. Dagaci da hakimi da kansila su sami ƙofar da za su ce an yi wa garinsu ƙari ko ragi, a kuma amsa musu a rubuce. Mafi muhimmanci, kada alama ta fita ita kaɗai. Mazaɓar da aka sa wa ja ta zama tana bin gwamnati bashi: ita ce farko a rabon jami'an tsaro, a ɗauke mata kuɗin shiga na kasuwa, malaminta da ma'aikacin lafiyarta su sami ƙarin alawus na haƙiƙa, a raka motocin taki da na hatsi. Oregon ta aika wasiƙa kafin taimako, ta ga abin da ya biyo baya.

Za a ce bayyana gari a matsayin ja kashe shi ne. Ai jita-jita ta riga ta yi wannan aiki, kuma ita ba ta da wa'adi. Za a ce 'yan bindiga za su karanta. Su da ke da masu kai musu rahoto a kowace kasuwa ba sa jiran sanarwar ma'aikata kafin su san inda babu soja. Ƙorafin da ke da nauyi shi ne na siyasa. Taswirar da gwamnati ke riƙe da alƙalaminta na iya yin kore gab da ziyarar babban baƙo, ta yi ja a mazaɓar 'yan adawa gab da zaɓe don a sami hujjar ɗauke rumfunan ƙuri'a. Wannan tsoro ne na gaske a jihar da batun tsaro ya daɗe da zama makamin yaƙin neman zaɓe. Abin da zai rage shi shi ne kada alƙalamin ya zauna a gidan gwamnati shi kaɗai. A sa jami'a da majalisar sarakuna da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya a ciki, a kuma buga ɗanyen ƙidayar yadda ɗan jarida a Gusau zai iya ɗauka ya je ya gwada ta da abin da ke ƙasa. Ko da haka za a yi rigima, kamar yadda aka yi a Oregon. Rigimar da ake yi a kan takarda mai kwanan wata ta fi shirun da ake yi a kan hukuncin da ba a san mai shi ba.

Akwai kuma ranar da za a bukaci wannan takarda a kotu. A ƙauyukan da ke tsakanin Gusau, Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran sassan jihar, iyalai na sayar da gonaki don haɗa kuɗin fansa, wasu kuma na sayar da gida su koma gari gudun hijira. Ciniki ne na wanda wuƙa ke wuyansa, a farashin da jar alama ta yanke, ga mai sayen da ke da halin jira. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan mas'ala ta wanda azzalumi ya matsa wa lamba har ya sayar da abinsa don ya biya. Wasu sun ce cinikin bai lizimce shi ba, yana iya karɓar kayansa. Wasu daga baya suka ce ya lizimta, domin in aka riƙa soke irin wannan ciniki babu wanda zai saya, wanda aka tsare kuma zai dawwama a hannun azzalumi. Zamfara na aiki da kotunan shari'a tun Janairun 2000, kuma idan ƙura ta lafa waɗannan ƙararraki za su zo gaban alƙalai da yawa, daga 'ya'yan da suka dawo suka tarar da baƙo na noma gonar ubansu. Alƙali zai tambayi halin da garin ke ciki a watan da aka yi cinikin, da nawa ake sayar da irin gonar kafin lokacin. A yau shaidar da za a kawo masa ita ce tunanin dattawan da suka rage, da na dillalin da ya karɓi la'ada.